Shekarar da Aka Rufe Sunan Rabi

Akwai wata magana da ke yawo a gidan nan tun kuna ƙanana, kuma na san kowannenku ya ji ta, ko a bakin mahaifiyarku ko a bakin 'yan uwanku na Gyallesu. Cewa ake yi Baba ya rufe wa Gwaggo Rabi ƙofar aiki tana cikin takaba. Ban taɓa tanka wa maganar ba, domin ba na son gardama a tsaye, kuma maganar da aka faro daga tsakiya ba ta ƙarewa lafiya. Yanzu da na ajiye aiki na sami zama, zan jera muku ita daga farko, yadda ta faru. In kun gama karantawa, kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama.

A ɗakin kati na yi rayuwata, a wani asibiti mai zaman kansa nan Tudun Wada. Karatuna bai wuce sakandare ba, sai ɗan koyon buga tafireta da na yi a wani shago a unguwar Kongo. Aikina abu biyu ne: kada katin mara lafiya ya ɓata, kuma kada ya faɗa hannun wanda bai kamata ba. Da kwamfuta ta zo aka kwashe abin da ke cikin katunan aka zuba a rumbun bayanai, ni aka damƙa wa ƙofar rumbun, ba don na fi kowa sani ba, sai don Likita, shugaban asibitin, ya ce ni ne ba na mantuwa kuma ba na jin roƙo. Duk sabon ma'aikaci sai ya zo wurina in buɗe masa suna a cikin rumbun, in ba shi kalmar sirri. Wanda ya manta tasa, wurina zai dawo. Abin ya yi ta tafiya haka shekaru, amma ba zan ce yana tafiya daidai ba. Mutum zai bar aiki ba a gaya mini ba, sunansa na nan a buɗe kamar ɗakin da mai haya ya tashi bai mayar da makulli ba. Wata za ta ba ƙawarta kalmarta don ta leƙa biki. Na yi faɗa har muryata ta dishe, ana ba ni haƙuri, ana ci gaba.

Sai asibitinmu ya haɗu da wasu 'yan uwansa ƙarƙashin hukuma ɗaya, aka yi babban ofis a Kaduna. A can aka kafa kundin ma'aikata na kwamfuta, wanda samarin na'ura ke kira dairektori, mu kuwa Kundi kawai muke cewa. Ku natsu a nan, domin in ba ku fahimci wannan ba, ba za ku fahimci sauran ba. Da farko ma'aikaci zai zauna gaban kwamfuta a Tudun Wada ya buga sunansa da kalmarsa. Rumbunmu ba ya riƙe kalmar kowa yanzu, don haka ba zai ce masa shigo ba, ba kuma zai ce masa koma ba. Sai ya aika Kaduna ya tambayi Kundi: wane ya zo da kalma kaza, ka san shi? Kundi ya duba. In ya san shi sai ya ce na san shi, ɗan ɗakin magani ne, ko ɗan ɗakin gwaji ne, a buɗe masa iya ɗakinsa. In bai san shi ba, ko sunansa a rufe yake, ƙofa ba za ta motsa ba. Duk wannan kafin ka ɗauke yatsanka daga maɓalli. Kamar dai baƙo ne ya zo neman haya: maigida ba ya tsayawa a kan abin da baƙon ya faɗa game da kansa, yana turawa ne wurin mai unguwar da ya fito a tambaya.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji zafin canjin nan a farko. Mutanen da ke zuwa ƙofata da ladabi suka daina zuwa. Amma da na ga ranar da mutum ya bar aiki, a ranar duk ƙofofi suke rufe masa gaba ɗaya, kuma ba ni da sauran nauyin sanin sirrin kowa a kaina, sai hankalina ya kwanta da shi. Abu ɗaya aka bar mini: makullin gaggawa, wato suna guda a cikin rumbun wanda ba ya tambayar Kaduna, saboda ranar da waya ta yanke tsakaninmu da su ga marasa lafiya a layi. Amana aka ba ni shi, don wannan ranar kaɗai.

Gwaggonku Rabi ita ce autar Inna, kakarku. Ni na riƙa kai ta makaranta a bayan keke, ni na saya mata takalmin shiga sakandare. Ta karanci harhaɗa magani, ta sami aiki a tagar maganin asibitinmu da ƙoƙarinta, ban sa mata baki ba. Ni da ita kamar ba ciki ɗaya ba. Ita surutu da barkwanci, tana miƙa wa tsoho magani tana tsokanarsa har ya manta ciwon. Na san Yaya Doka take kirana a bayan idona, kuma na san ita ta koya wa rabin asibitin sunan. Mijinta Malam Isuhu malamin firamare ne, mutum mai sanyin hali, wanda in ya yi dariya kafaɗunsa ne ke motsi, ba a jin sauti. Suna da yara uku a lokacin, babbar ba ta gama firamare ba. A shekarar da nake ba ku labari, ciwon 'yan kwanaki ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa. Rabi ta shiga takaba a gidansu na Gyallesu, Inna ta tattara kayanta ta koma can don ta zauna da ita.

Ni na kai takardar hutunta da hannuna, aka amince ba tare da wata matsala ba. Amma takardar hutu ofishin ma'aikata take tsayawa. Kundi ba ya karanta takarda, sawu yake dubawa. An kafa masa doka cewa duk sunan da ya yi wata uku ba a shiga da shi ba, ya rufe shi da kansa, don kada wani ya tsinci sunan da mai shi ba ya kusa ya yi ɓarna da shi. Doka ce mai kyau, sai dai wanda ya kafa ta bai tuna da takaba ba, wadda ta fi wata uku. In an rufe suna kuwa, sai mai shi ya je Kaduna da ƙafarsa, a ga fuskarsa, ya zaɓi sabuwar kalma. Na ga ya kamata Rabi ta san wannan tun da wuri. Bayan sadakar arba'in, da baƙi suka ragu, na je gidan tare da mahaifiyarku Binta. Muka tarar da Rabi a kan tabarma cikin hijabi mara ado, Inna a bakin gado tana jan carbi. Na gaishe su, sannan na bayyana yadda abin yake daki-daki.

Mahaifiyarku ce ta fara magana.

"To ai abu ne mai sauƙi. Ta ba ka kalmar, ka shiga da sunanta sau ɗaya ka fito. Na'ura ta ga sawu, shi ke nan. Ba haka 'yan ɗakin gwaji suka yi wa mai jegon nan ba?"

Na ce, "Sun yi. Na kuma kai ƙararsu."

Ta ce, "Allah Sarki mai jego, ta haihu a zamanin Malam."

Inna ba ta kama sunana, saboda sunan kakana aka sa mini. Ta ajiye carbin a cinyarta ta dube ni.

"Mai sunan Malam, abin da matarka ta faɗa, yana yiwuwa ko ba ya yiwuwa?"

"Yana yiwuwa, Inna."

"Akwai wanda zai mutu in ka yi?"

"Babu."

"To."

Duk wannan Rabi ba ta ɗago kai ba. Sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa, muryar da ban san ta da ita ba.

"Yaya, matso in faɗa maka."

Na ce, "Kada ki faɗa. Ko kin faɗa ba zan yi aiki da ita ba, sai ki yi asararta a banza."

Na ba su dalilaina a nan take, kuma su ne zan ba ku, ba ƙari. Na ɗaya, in na buga sunanta da kalmarta, rumbu zai tambayi Kundi ko Rabi ce, Kundi zai ce Rabi ce, alhali ni ne. Wannan amsar shaida ce, kuma ni na sa aka bayar da ita a kan ƙarya. Na biyu, duk shiga tana barin alama: wance ta shiga ɗakin magani rana kaza. Wanda ya duba daga baya zai ga Rabi a bakin aiki ranar da duk Gyallesu ta san tana ɗaki tana takaba. Ɗakin magani kuwa ba ɗakin wasa ba ne, akwai magungunan da ake sa wa ido sosai. In wani abu ya tashi a ranar, sunanta ne a wurin, ba nawa ba. Na uku, ni ne na yi shekaru ina hana mutane wannan, ban ga bakin da zan sake hana wani da shi ba.

Inna ta ce, "Na'ura za a yi wa ƙaryar, ba mutum ba."

Na ce, "Na'urar mutane take gaya wa, Inna."

Ta ɗauki carbinta. "Tashi ka tafi wurin aikinka, kada ka makara na'ura ta yi fushi."

Daga ranar nan abu ya canja tsakanina da mahaifiyata. Kullum da safe kafin in wuce asibiti nakan biya in gaishe ta, kuma tun ina saurayi ba ta taɓa sallamata ba sai da addu'a, ta ce Allah ya yi albarka, ya ba ka masu yi maka. Yanzu sai ta ce madalla, a gaida gida. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Wanda bai taɓa rasa addu'ar uwa da safe ba, ba zai san yadda mutum ke fita titi yana jin kamar ya bar hularsa a gida ba. Ban fasa zuwa ba, ita ma ba ta fasa madallarta ba.

Da lokacin ya cika, saƙo ya zo mini daga Kaduna cewa an rufe sunan Rabi. Na buga wa mai kula da Kundin waya, wata mata mai suna Rifkatu, wadda mun saba ta waya ko da yake ba mu taɓa haɗuwa ba.

Ta ce, "Malam Garba, ni ma na ga sunan, raina bai so ba. Amma ba goge shi aka yi ba, rufewa ce kawai. Ranar da ta fita ka kawo mini ita, kafin shayi ya huce mun gama."

Na kwantar da hankalina a kan wannan. A lissafina abin a jere yake: ta fita takaba, mu je Kaduna, ta koma taga. Ranar fita ta zo, aka yi wanka, aka yi sadaka, mata suka kawo mata sababbin kaya ta sa. Ana jiran ta fita zaga dangi kamar yadda aka saba, sai ta cire kayan ta ninke, ta koma kan tabarmarta. Da na je da maganar tafiya, ko kallona ba ta yi ba.

"Ba inda za ni, Yaya. Wanda ya rufe ya riƙe abinsa."

Na koma washegari, amsar ita ce. Na koma bayan kwana biyu, ta ce kanta na ciwo. Ana cikin haka Likita ya kira ni ofishinsa. Mutumin kirki ne, kuma yana son aikin Rabi, amma ya faɗa mini gaskiya.

"Malam Garba, tagar magani ba ta zama da ɗan aro har abada. In sabon wata ya kama ba ta dawo ba, Kaduna za ta tabbatar da wanda ke riƙe da wurin. Ba ni da ta cewa a nan."

Ga marayu uku, ga gidan da ba sauran namiji mai nema. Aikin nan shi ne tukunyarsu. Da na gaya wa Inna abin da Likita ya ce, kalma huɗu ta ba ni: ga abin dokarka nan. Mahaifiyarku kuwa ta tare ni a tsakar gida ina alwala, ta sassauta murya, ba tsokana wannan karon.

"Malam, makullin nan na baya da ke hannunka. Ba za ka iya buɗe mata suna a nan ba, ba sai an je Kaduna ba? In daga Gyallesu ne zuwa Tudun Wada, wataƙila ta taka."

Zan iya, kuma na san kowane mataki. Na zauna gaban kwamfutar da yamma bayan layi ya watse, hannuna a kan maɓallai, na daɗe a haka. Ina ganin Rabi tana ƙarama a bayan kekena tana riƙe da rigata, ina jin madallar Inna. Amma sunan da zan buɗe mata suna ne da Kundi bai san da shi ba. Duk maganin da ta bayar da shi, ta bayar ne a matsayin wadda hukuma ta rufe wa ƙofa ta shigo ta katanga. Ranar da aka gano, ba za a ce ta daɗe ba ta dawo ba, za a ce an kama ta. Kuma makullin ba don wannan aka ba ni shi ba. Na kashe na'urar na tafi masallaci. Kada ku ɗauka na tashi ina jin na yi nasara. Na tashi ne ina tunanin wataƙila na jawo wa 'ya'yan Isuhu yunwa saboda taurin kaina, kuma ban san yadda zan gyara ba.

Mahaifiyarku ce ta gano bakin zaren. Ta je ta wuni a Gyallesu da sunan yi wa Rabi kitso, tun da Rabi ba ta yarda kowa ya taɓa kanta ba. Ta dawo bayan magariba, ta ajiye mini tuwo, ta zauna a gefe tana kallona kamar yadda take kallon ɗayanku in ya faɗi jarrabawa.

"Kai da ka san katin kowa a Tudun Wada, ba ka san ƙanwarka ba."

"Me ta ce?"

"Ba hanyar Kaduna take gudu ba, ba kuma aikin ba. Kalmar take wa kuka."

Na ce ban gane ba. Ta ce ai dama ba ta sa ran zan gane ba, sannan ta warware mini. Lokacin da aka kafa Kundi aka ce kowa ya zaɓi kalmar da ba wanda zai iya canka, Rabi ta koma gida tana ƙorafi ta rasa abin da za ta sa. Sai Isuhu ya ce mata, cikin wasa, ta sa sunan nan da yake kiranta da shi in ba kowa a ɗaki. Ta sa. Tun daga ranar, abu na farko da yatsunta ke bugawa kowace safiya a bakin aiki shi ne sunan nan. Ta san in ta je Kaduna za a ce ta zaɓi sabuwa, kuma na'ura ba za ta sake karɓar tsohuwar ba.

Na ce, "Ta faɗa miki sunan?"

"Ni? Ko da wuƙa a wuyanta. Kai kaɗai ta yi niyyar faɗa wa a duniya, ka toshe kunne."

Tuwon nan ya huce ban taɓa shi ba. Ku da kuka tashi a wannan zamani ba lallai ku auna nauyin abin ba. Rabi ba ta taɓa kama ko sunan mijinta na yanka a gabana ba, Abban Maryam take cewa. A ce ta buɗe baki a gaban yayanta da mahaifiyarta za ta furta sunan da ke tsakaninta da shi, kunyar da ta haɗiye kafin ta ce matso in faɗa maka ba ƙarama ba ce. Ni kuma na amsa mata da na ɗaya, na biyu, na uku. Har yau ina ganin ƙin da na yi daidai ne. Amma ban san abin da take miƙo mini ba, kuma da na sani da na ƙi shi da wata murya daban.

Da safe na tafi. Maganar ba wadda zan iya buɗewa ba ce, ita ma ba za ta so in buɗe ba. Ba ni da wani harshe da ya wuce na aikina, don haka da shi na yi amfani. Na zauna a bakin ƙofar ɗakin, Inna na ciki a bayan labule.

Na ce, "Rabi, zan gaya miki abu uku game da Kundin nan. Ba don ki je ba, don ki sani. Na ɗaya, kalmar da mutum ya sa, Kundi ba ya ajiye ta a rubuce. Niƙe ta yake yi kamar gero, ya ajiye garin. In kin zo kin buga, sai ya niƙa abin da kika buga, ya gwada gari da gari. Daga gari kuwa ba a komawa zangarniya. Rifkatu da ke zaune a kansa ba ta taɓa ganin kalmar kowa ba, ba kuma za ta iya gani ba. Na biyu, ni ban ji taki ba. Na uku, ke nan duk wanda ya san ta, ko yana gaban Allah ko yana zaune a kan tabarmar nan. Abin da aka rufe a Kaduna suna ne. Ita kalmar ba ta taɓa zama a can ba."

Ta ja hijabi ta rufe fuskarta. Ta yi kuka mai tsawo, ban hana ta ba, ban kuma san inda zan sa idona ba, sai na zuba shi a kan wata tsaga a simintin ƙofa. Da ta lafa ta share ido da bakin hijabin.

"Yaya Doka. Ko lallashi sai ka yi shi da lamba."

Ranar ce ta fara kirana Yaya Doka a gabana. Na ce na ji.

"Binta ce ko?"

"Ban ambaci kowa ba."

"Za ta gani a ƙwaryarta. Kitson ma ya yi tsauri." Sannan ta ce, "Ba na son zaman tsakiya a mota. Ka kama mini kusa da taga."

Inna tana bayan labule tana jan carbinta. Zan faɗa muku nata a nan, don kada ku jira shi a gaba. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa na yi daidai ba. A wurinta, ɗa ya ga ƙanwarsa a cikin baƙin ciki ya tsaya yana auna doka, kuma duk abin da ya biyo baya sa'a ce daga Allah, ba dabarata ba. A maganar sa'a ban musa mata ba. Mun ci gaba da zama lafiya, ta ci abincina, na yi jinyarta, amma wannan ɗaya ta tafi da shi yadda ta ɗauke shi. Shi ne abin da na biya, kuma ku sani na ji nauyinsa.

Muka kama motar safe. Rabi ta zauna kusa da taga, har muka shiga Kaduna kallon gonaki take yi kamar wadda ta manta ƙasa tana da faɗi haka. Ofishin Kundin ɗan ƙaramin ɗaki ne mai sanyi a hawa na biyu, ba abin da ke ciki sai tebur da kwamfuta da kujeru. Na yi tsammanin zan ga wani abu babba. Rifkatu ta taso ta kama hannun Rabi da hannu biyu.

"Sannu 'yar'uwa. Ya ƙarin haƙuri? Ya yaran?"

Ta zaunar da ita, ta sa aka kawo shayi. Sannan ta bi ƙa'ida yadda take, abin da ya ƙara mata daraja a idona: ta karɓi katin aikin Rabi, ta dubi hoton ta dubi fuskar, ta aika lamba zuwa wayarta ta ce ta karanto. Da aka gama ta juya maɓallan zuwa gabanta.

"Sai ki sa sabuwar kalma, sau biyu. Ba sauri."

Rifkatu ta kawar da kanta gefe. Ni kuma na tashi na je bakin taga na ba su baya. A ƙasa wata mata tana gasa masara a bakin titi, na kafa mata ido. Can na ji ƙarar maɓallai, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai taka matakala da kaya a ka. Sai na'urar ta yi ɗan ƙara. Na ji motsin kujerar Rifkatu, sannan ta yi magana a tausashe.

"Ya ce wannan tsohuwar ce, 'yar'uwa. Ba zai karɓa ba."

Rabi ta ce, "Na sani. Sallama nake yi mata."

Mai masara ta juya nata, ta sayar wa wani mai babur, ta ƙara gawayi. Ban san tsawon lokacin ba. Sannan maɓallan suka sake motsi, suka tsaya, suka sake, wannan karon da ɗan sauri.

Rifkatu ta ce, "Ya karɓa."

Ban juyo ba, domin fuskata ba ta cikin halin da zan nuna wa ƙanwata. Na ji ta kurɓi shayin ta ajiye kofin, na ji ta miƙe tana gyara mayafi.

"Yaya, ka gama gadin masarar mutane? Juyo mu je mu kama mota. Gobe ina da layi a taga."